Layin Alli a Ƙarƙashin Kujera

Wanda ya ce jan mota ɗaura sarƙa ne kawai a taka totur, ya matso nan gabana, shi nake so ya fi kowa ji. Ɗazu ina ƙarƙashin janwe, motarmu ta jan motoci, ina ɗaure noti, duk ina jin ku, wai Baba Audu Guntu ba ya tsinana komai sai zama a motar mutane ana jan sa kamar ango. To madalla, ku gyara zama. Shekara talatin da 'yan kai ke nan ina jan motocin da suka mutu da waɗanda suka yi haɗari tsakanin Kawo da Mando da Katabu, kuma a duk kayan aikina babu wanda ya kai wannan na aljihuna daraja. Guntun alli ne, irin na 'yan makaranta. Ku yi dariyarku, ni ma na yi ranar da aka fara ba ni shi. Allin nan ya taɓa kai ni gaban mai shari'a, ya hana a ɗaure wani bawan Allah kan laifin da bai yi ba, ya kuma kusa raba ni da sana'ata.

Aikina na farko motar wani ma'aikacin gwamnati ce, ta mutu masa a hanyar Mando yana sauri zuwa ofis. Lokacin ina koyon aiki wajen marigayi Baba Tanimu, Allah ya jiƙansa. Shi ke tuƙa janwe, ni kuma ya ce in shiga matacciyar motar in riƙe sitiyari. Kun dai gan ni, Allah bai ba ni tsawo ba. Ina shiga na ja kujera gaba, na murɗa madubi ya dace da ni, na kafa gwiwar hannu a taga ina jin kaina. Sai ga Baba Tanimu ya sauko yana tafe a hankali. Ya leƙo, ya kama kunnena ya fito da ni waje.

"Motar ubanka ce?" ya ce.

Na ce, "A'a, Maigida."

"To wa ya ce ka taɓa masa kujera? Mutumin nan ya daidaita ta da ƙafarsa da bayansa, ka zo da safe ɗaya ka ɓata. Gobe ya karɓi motarsa daga gareji, ya zauna ya ji gwiwarsa na dukan sitiyari, cewa zai yi 'yan janwe sun yi yawon gari da ita."

Sai ya durƙusa ya nuna mini. A ƙarƙashin kujerar direba akwai ƙarfe biyu, ɗaya a kafe a ƙasan mota, ɗaya yana zamewa a kansa tare da kujerar. Ya roƙi mai motar ya mayar da ita inda take. Sannan ya ciro alli ya ja layi ɗaya a gefe, ya ratsa ƙarafan biyu. Ya ce in ka motsa kujera, layin zai rabu gida biyu, in ka gama aiki ka mayar da ita har rabi ya haɗu da rabi. Ya karya allin ya ba ni guntu. Tun daga ranar ban taɓa sa ƙugiya a jikin mota ba sai na fara durƙusawa na ja layina.

Wata bas ta 'yan kasuwa da muka jawo daga Katabu cike da buhunan citta, ita ta koya mini cewa na baya ya fi na gaba wahala. Ku da kuke cewa zama ne kawai, kun san in inji ya mutu birki yakan koma dutse? Sitiyari kuma sai ka sa ƙirji. Muna gangarowa Baba Tanimu ya rage gudu, na taka birki da ƙafa ɗaya, bas ko a jikinta. Na miƙe tsaye na taka da ƙafa biyu ina salati, 'yan kasuwa a bayana suna taya ni, sannan ta tsaya, saura taki ɗaya mu shige cikin janwe. Daga nan na koyi kafa ido a kan fitilar birkin na gaba, ba a kan titi ba. Na koyi cewa mota mai nauyi da sandar ƙarfe ake jan ta, ba da sarƙa ba. Na koyi inda ake sa ƙugiya, don na taɓa sa ta a bamba, muka tafi da bamba muka bar mota da mai ita a tsaye yana ɗaga mana hannu. Kuma na koyi karanta wurin haɗari kafin in taɓa komai: ina taya ta goga a kwalta, wace ƙafa ta lanƙwashe, me ya zube a ƙasa. Ba don son gulma ba, don ka san ta inda mota za ta yarda ta bi ka.

To, yanzu ga Shamsu Bango. Ku yara ne lokacin, amma kun san sunan. Mai tsaron gida ne na ƙungiyarmu ta nan gari, dogo, in ya buɗe hannuwa a bakin raga sai ka ji tausayin mai bugawa. Ni kuwa a kan yaron nan har faɗa na yi a majalisar mai shayi. Hotonsa na manne a gilashin janwe. Akwai ranar da ya tare fanareti biyu a wasa ɗaya, na jefa hulata sama, har yau ban gan ta ba. Muna jin ƙishin-ƙishin cewa tun da suna ya zo ya fara shan barasa, amma mu magoya baya muka toshe kunne, tunda dai yana tare mana ƙwallo.

Wata Litinin da safe, cikin damina, washegarin wata babbar nasara da muka yi, wani ɗan sanda da ke da lambata ya kira ni, ya ce an yi haɗari kafin a shiga Katabu. Muka tafi da Garba, abokin aikina, wanda ke tuƙa janwe tun rasuwar Baba Tanimu. Ana yayyafi. Tun daga nesa na gane motar, baƙar jif mai duhun gilashi, duk Kawo an san ta Shamsu ce. Gefen gaba na dama ya lotse har batir ya fashe. Ga mashin a yashe, ga takardun ofis sun watse cikin ruwa. A kan kwalta akwai doguwar gogar taya, ta faro daga nesa ta karkata hagu. A bakin titi kuma ga rigar sanyi ta ƙungiyarmu an naɗe ta kamar matashi, jini ya jiƙa ta. Mutanen wurin suka ce mai mashin ɗin Malam Haruna ne, mutumin Katabu, akawu a wata ma'aikatar gwamnati, ya fito zai tafi aiki. Mutum biyu ne a jif ɗin, Shamsu da direbansa Ilu, su suka ɗauke shi a keke napep zuwa asibiti. Muna nan tsaye labari ya zo cewa Malam Haruna ya cika.

Na yi masa addu'a, na kama aiki, don motar ta tare hanya. Na buɗe ƙofar direba, na durƙusa, na ja layina kamar kullum. Kujerar tana can ƙarshen baya, ba ta da sauran inda za ta je. Irin kujerar nan ce mai maɓalli, wadda wuta ke motsawa. Na danna, shiru, tunda batir ya fashe. Na hau na zauna, ƙafafuna suna reto, ko yatsana bai taɓa birki ba. Garba ya ciro matashin janwe, ya naɗo tamfol, ya cusa mini a baya, duk da haka sai da na rataye a jikin sitiyari. Haka muka shigo Kawo daidai lokacin da ma'aikata ke cika tasha. Jama'a suka ga ƙatuwar jif tana tafe, gilashi a sauke, ba direba sai hula. Wani ya ɗauka a waya, kafin azahar bidiyon ya zaga gari, wai aljani na tuƙa motar Bango. Su dariya suke yi, ni kuwa raina a jagule yake. Muka kai ta harabar da ake ajiye motocin haɗari, na miƙa makulli, na sa hannu na tafi.

Bayan kwana biyu aka ce gwajin asibiti ya nuna barasa a jinin Shamsu, jinin Ilu kuwa tas. Wata mai ƙosai ta ce ta ga dogon ya fito ta gefen direba, daga baya kuma ta ce ana ruwa, ba ta tabbata ba. Aka gurfanar da Shamsu kan tuƙi cikin maye da ya jawo mutuwar mutum. Gari ya kasu biyu. Magoya baya suna cewa hassada ce, mutanen Katabu da abokan aikin Malam Haruna suna cewa ai mai suna ba ya shiga gidan yari a ƙasar nan. Ana cikin haka sai labari ya fito cewa Ilu ya je wajen 'yan sanda da kansa ya ce shi ke tuƙi, Shamsu yana gefe yana barci. Tashar Kawo ta kaure da murna. Wallahi ni ma na yi tsalle, na rungume Garba. Ina sakinsa na tuna ƙafafuna suna reto. Ilu mutumin unguwarmu ne, magidanci mai 'ya'ya uku, kuma in muka tsaya sahu a masallaci kafaɗarsa daidai take da tawa.

Ranar Juma'a bayan an sauko na tare shi. Na ce, "Ilu, tsakaninka da Allah, kai ka tuƙa motar nan?"

Ya sunkuyar da kai. "Yaya Audu, ka bar maganar nan. Yaron ya yi mini alheri. Shi ya kai mahaifiyata asibiti lokacin da ba ni da kowa."

"Ka san ɗaure ka za a yi? Rai fa aka rasa."

"Sun ce ba zan daɗe ba, tunda ni ban sha komai ba."

"Su wa suka ce? Kotu ce ta gaya maka?"

Ya sa takalminsa ya wuce, 'yarsa ƙarama riƙe da hannunsa.

Washegari wani Ɗanjuma, mai kula da harkokin Shamsu, ya zo nan garejin, ya zauna a bencin nan da kuke kai. Mutum ne mai laushin baki. Ya ce ya ji ni babban masoyin Bango ne, ya buɗe jaka ya ciro safar hannun da yaron ya tare fanareti biyun nan da ita, ya ɗora mini a cinya. Na sa hannu a ciki, yatsuna ba su kai rabi ba.

Ya ce, "Malam Audu, an ce kai ka ja motar. In aka kira ka, ai jan mota kawai ka yi, ba ka duba komai ba. Wata ƙungiya a ƙasar waje tana neman yaron nan. Kai ma ba za ka so a ce kai ka karya shi ba."

Na ce, "Ilu fa?"

"Za mu kula da iyalinsa."

Na juya safar nan gaba da baya. Sannan na cire na mayar masa a jaka da hannuna. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ban je na kai kaina ba. Amma in aka ɗora mini Alƙur'ani, abin da na gani zan faɗa." Ya yi murmushi, ya ce ai ba komai, ya tafi.

Sammaci ya iso mini bayan 'yan watanni, don lauyan gwamnati bai yarda da maganar Ilu ba, bai janye tuhumar Shamsu ba. Ranar shari'a harabar kotu ba masaka tsinke, magoya baya da ganguna a gefe ɗaya, ma'aikata da mutanen Katabu a ɗaya gefen. Mai shari'ar mace ce, dattijuwa mai tabarau, ba ta ɗaga murya amma in ta ɗago kai kowa sai ya nutsu. Na ga Shamsu a tsaye inda ake tsayar da wanda ake tuhuma, ya rame, kansa a ƙasa. Na yi alwala na rantse. Lauyan gwamnati ya tambaye ni yadda na sami motar, na faɗi komai, har batir da kujera da tamfol. Sai lauyan Shamsu ya miƙe yana gyara riga. Ya ce ai ba sai an ja magana ba, motar tana nan a ajiye, a je a duba. Yadda ya faɗe ta da ƙwarin gwiwa, nan take na san an taɓa kujerar nan.

Mai shari'a ta ɗage zama, ta ce kotu za ta koma wurin mota. Kai, ku ga tafiya. Mu a gaba, jama'a a baya kamar ana rakiyar amarya. Aka buɗe ƙofar jif, ga kujera an jawo ta gaba har ta kusa haɗuwa da sitiyari, daidai zaman gajeren mutum. Magoya baya suka fara tafi. Lauyan Shamsu ya juyo ya ce, "Malam Audu, ko dai tsufa ya fara taɓa ido?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, a ba ni izini in durƙusa."

Ta ce in durƙusa. Na kunna tocila na haska ƙarƙashi. Ga layina nan fari sol, ya rabu gida biyu, rabi a nan, rabi can gaba, tsakaninsu ya fi taƙi. Wanda ya motsa kujerar ta sama ya duba, bai san akwai mai aiki ta ƙasa ba. Wani daɗi ya kama ni har kunnuwana suka yi zafi. Na yi mata bayanin layin kamar yadda Baba Tanimu ya yi mini. Na buɗe bonet na nuna mata wayoyin batir, an kankare bakinsu, ga sawun maƙalin da aka jona wani batir da shi. Ta tambaye ni wa ya yi. Na ce ban sani ba, kuma ba zan kama sunan kowa ba. Na roƙa a bar Garba ya kawo batirin janwe. Ya jona, na danna maɓalli, kujera ta fara tafiya baya tana ɗan kuka. Ganguna suka yi shiru. Tana tafiya, tana tafiya, har ta kai ƙarshe ta tsaya, rabi ya haɗu da rabi. Dattijuwar nan ta tattare rigarta ta sunkuya da kanta, ta karɓi tocila ta duba.

Lauyan Shamsu ya ce wa ya san ranar da na ja layin. Sai lauyan gwamnati ya miƙa waya, aka kunna mata bidiyon nan da aka yi ta mini dariya da shi. Ga jif, ga hula, ga tamfol ya leƙo ta bayana. Na ga ta cije leɓe don kada ta yi dariya. Ta kalla sau biyu. Sannan ta ce, "Ilu, hau ka zauna, ka taka mana birki."

Ilu ya hau da ƙyar. Ya kama sitiyari da hannu biyu ya miƙa ƙafa. Ya zame gaba, ya miƙa yatsu har takalminsa ya faɗi, gumi na zuba masa. Bawan Allah nan ƙoƙari yake iya ƙarfinsa ya kai kansa gidan yari. Ban taɓa ganin abin tausayi irin wannan ba. Sai muka ji murya daga baya.

"Ranki ya daɗe, a bar shi ya sauko."

Shamsu ne. Lauyansa yana jan hannun rigarsa, ya fizge.

"Ni na tuƙa. Ya roƙe ni in ba shi makulli, na ƙi. Ni na kashe mutumin nan. Baba Ilu, sauko, ka yafe mini."

Ilu ya kifa kai a sitiyari yana kuka.

Kada ku ɗauka an gama. Da aka koma zaure, lauyan gwamnati ya ga ya samu, sai ya nemi ya haɗa da abin da ba a yi ba. Ya ce yaron ko birki bai taka ba, kuma niyyar gudu ya yi, mutane suka tare shi. Ya sake kira na, yana tsammanin ai ni nasa ne. Ya ce, "Malam Audu, ka ga yadda gaban motar ya lotse. Wannan ba aikin wanda bai taka birki ba ne? E ko a'a."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ya taka. Na ga gogar taya doguwa, kuma ta karkata hagu, ya yi ƙoƙarin kaucewa, sai dai ya makara. Kuma na ga rigarsa a—"

"E ko a'a na ce."

Mai shari'a ta ɗago kai. Ta ce, "Kai ka kawo shi. Ɗazu da maganarsa ta yi maka daɗi ba ka katse shi ba. Bar shi ya gama."

Na gama. Na faɗi rigar sanyin da aka naɗe aka tallafi kan Malam Haruna da ita. Na ce mai shirin gudu ba ya tsayawa cikin ruwa ya tuɓe rigarsa. Yanzu kuma mutanen Katabu ne suke watsa mini harara.

Ranar hukunci ta yi magana a hankali, kowa ya ji. Ta ce ita ba mai tsaron gida aka kawo mata ba, mutum aka kawo mata wanda ya sha barasa ya hau titi ya raba yara da ubansu, ya kuma yarda a ɗora wa talakansa laifin. Ta ce sunansa ba zai rage masa kwana ɗaya ba, kuma ba zai ƙara masa kwana ɗaya ba don a huce haushi. Ta ce ta lissafa da birkin da ya taka, da rigar da ya tuɓe, da gaskiyar da ya faɗa da bakinsa ko da ya makara. Ta ɗaure shi shekara uku, ta hana shi tuƙi na wani lokaci bayan ya fito. Ilu kuwa ta wanke shi tas da faɗa, ta ce ya tafi gida wajen 'ya'yansa, kada ya sake sayar da kansa don alherin da aka yi masa.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a sana'ata. Tashar Kawo ta daina kira na. Mota za ta mutu a gabana, a kira janwe daga wata unguwa. Aka jefi gilashin janwe da dutse, daidai inda hoton Shamsu yake. In na wuce majalisa sai in ji ana cewa ga Guntu maci amana. Ƙungiya ta yi ta shan kashi, kowace ƙwallo ta shiga raga ni ake zagi. Filin wasa kuwa ban sake takawa ba. Ni da Garba muka koma ɗaukar injin niƙa da janareta da janwe, abin da ko a mafarki Baba Tanimu ba zai yarda da shi ba. Garba bai taɓa ce mini don me ba, Allah ya saka masa. Kun san su wa suka fitar da mu? Ma'aikatan gwamnati. Abokan aikin Malam Haruna, waɗanda suka harare ni a kotu, da zuciyarsu ta sauka sai suka riƙa ba juna lambata daga ofis zuwa ofis, wai ga mai janwen da ba ya taɓa kayan mutum kuma ba ya ƙarya. Motocin ma'aikata kuwa kun san su, kowace Litinin sai uku sun mutu kafin a kai gadar Kawo. Ilu kuma ya sami bas yana jigila tsakanin Kawo da Katabu. Har yau in ya wuce nan sai ya danna ham sau biyu, shi ne wanda kuke cewa yana damun ku.

Bara, da hantsi, wata baƙuwar lamba ta kira ni, aka ce mota ta mutu kusa da wani filin ƙwallo a Mando. Muka je. Wata 'yar tsohuwar mota ce, fenti duk ya koɗe, bayanta cike da ƙwallaye da raga. Mai ita yana jingine a jiki, dogo, ya tara gemu. Garba ya taka birki ya dube ni. Na ce, "Mu sauka, aiki ne."

Shamsu ya taho ya miƙo hannu biyu ya ɗan rusuna. "Baba Audu, ina kwana. Wajen Baba Ilu na karɓi lambarka."

Na ce, "Lafiya lau, ɗana. Ya bayan rabuwa?"

Ya ce alhamdu lillahi. Maganar ƙasar waje ta wuce, yanzu matasa yake koya wa tsaron gida a filin nan. Ya ce ya bar shan abin nan, kuma yakan je Katabu gaida iyalin Malam Haruna, sun fi shekara kafin su bar shi ya shiga zaure. Ni kuwa sai na juya ga motar, na ce famfon mai nake zargi. Ya yi dariya. Ya buɗe mini ƙofar direba, ya sunkuya ya kama ƙarfen kujera zai ja ta gaba.

"Bari in gyara maka, Baba, kada a sake ɗaukar hularka a waya."

Na ce, "Tsaya, ɗana. Kar ka taɓa tukuna."

Na sa hannu a aljihu na ciro alli. Ya kalli allin, ya kalle ni. Na durƙusa a kan ƙasa, sai na ji shi ma ya durƙusa kusa da ni, duk tsawon nan nasa. Ya karɓi tocila daga hannuna ya haska mini ƙarfen.

Ya ce, "Ja da kyau, Baba, ya fito sosai."

Na ja.

To, kai mai bakin nan da ka ce zama kawai nake yi, ungo rabin allin. Ga motar can Garba ya kawo, ba a taɓa ta ba. Je ka durƙusa.